Muryar Kawu da Gudumar Maƙwabci

Kawu bai taɓa yarda na ɗauke shi bidiyo ba. Duk abin da na samu minti 12 ne na muryarsa a wayata, ranar da na zauna a shagonsa na kayan gyaran mota a Abossey Okai, yana ba ni labarin yadda mahaifinsa ya biyo fataken goro daga Kano ta Salaga da Kumasi, har ya yada zango a Sabon Zongo. Wanda ya san Abossey Okai ya san ba wurin naɗar murya ba ne. Hon ɗin trotro, masu kiran ciniki, ga wani maƙwabcinsa da ke dukan ƙarfe tun safe har la'asar.

Da ya rasu, dangi suka ce tunda aikina ke nan, in haɗa abin da za a kalla a gida bayan sadakar arba'in. Hotonsa ɗaya nake da shi mai kyau. Sai na yi niyyar sa wani ɗan haske a ƙarƙashin hoton, ya riƙa kumbura yana sacewa daidai da muryarsa, don kada mutane su zuba wa hoto sandararre ido na minti 12.

A After Effects nake aiki. Na fara da rage hayaniya da hannu: duk inda Kawu ya yi shiru guduma ta faɗo, in kafa alama a layin Audio Levels in sauke ƙarar. Daga nan na rubuta ɗan sikirif na JavaScript ya karanta wannan layin ya ba hasken. Lamba ɗaya tak ya dawo mini da ita. Dare guda na yi ina zargin kwamfuta, alhali laifin nawa ne: na tambaye ta ƙimar wurin da nake tsaye, ta ba ni. Ƙimar da ke motsi sai an tambaye ta da lokaci, da valueAtTime, daƙiƙa kaza nawa ne, daƙiƙa kaza nawa ne. Na gyara, lambobi suka zubo.

Amma hasken bai san Kawu na magana ba. Ashe wannan layin ba muryarsa yake aunawa ba, desibel ɗin da ni na ƙara ko na rage ne kawai. Sifili na nufin ban taɓa komai ba. Hannuna nake karantawa ina tsammanin bakinsa ne.

Muryar kanta sai an sa manhajar ta saurari sautin ta mayar da shi alamomi. Tana fitar da layi uku, hagu da dama da haɗinsu, alama ɗaya a kowane firem. Firem 25 a daƙiƙa, minti 12, alama 18,000 ke nan a kowane layi. Na ɗaura hasken a kan na haɗin, na kunna. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Yana cewa "To, ɗana," hasken ya yi numfashi sau biyu.

Murnar ba ta daɗe ba. Maganarsa ta yau da kullum tana yawo wajen 10. Gudumar maƙwabci, inda ta faɗo a kan magana ban iya sauke ta ba, tana haura 40, hasken ya cika fuska. A minti na tara kuwa, inda ya zo kan mahaifiyarsa da ta rasu yana yaro, muryar ta yi ƙasa har 2, hasken ya kusa mutuwa. Na sa iyaka ta sama don kada guduma ta wuce muryarsa. Minti na taran ban samu lissafin da zai gyara shi ba tare da ya ɗaga ƙugin janareta ba, sai na cire sikirif a wurin na bi kalma-kalma da hannu. Daƙiƙa 40, ta ci mini yini.

Kwana biyu kafin taron na kai wa matarsa ta fara gani. Ta kalla har ƙarshe ba ta ce uffan ba, sannan ta juyo.

"Ɗana, ina ƙarar ƙarfen nan?"

"Mma, na rage ta ne don a ji maganarsa sosai."

"Shekara 30 in na kira shi a waya, ita nake fara ji kafin sallamarsa. Mayar da ita."

Na koma gida na goge alamomin da na kafa da hannu a Audio Levels, duka. Na sake sa manhajar ta saurara daga farko, na bar iyakar sama yadda take, na sake duba minti na tara.