Araha Ba Ta Ado: Ni da Madubin Hangen Nesa

A shekarata ta biyu a jami'a, malaminmu ya sanar da mu cewa za mu je Dagona, cikin dausayin Haɗeja da Nguru, mu ƙidaya tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu. Kowa zai rubuta rahoto, kuma da maki a kai. Madubin hangen nesa huɗu kacal sashenmu yake da su, mu kuwa mun haura talatin. Sai na ce gara in sayi nawa.

Na kwashi kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa na nufi kasuwa. Mai shago ya miƙo mini wani mai jan gilashi yana ƙyalli, an rubuta 20x50 a jikinsa. Ya ce, "Ɗalibi, wannan har duwatsun wata za ka ƙirga." Na biya ina murna, don na ga na makaranta 8x42 ne kawai.

A bakin ruwa asiri ya tonu. Hoton ya yi duhu, yana rawa, agwagwa ɗaya ta koma biyu. Kafin azahar kaina ya fara sarawa. Da na ari na makaranta, sai ga gashin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya karɓi nawa ya jujjuya, ya yi murmushi. Lambar farko, in ji shi, ita ce ninkin kusantowa, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Ninki 20 yana ƙara girman rawar hannu, shi ya sa masu kallon tsuntsaye suka fi son 8 ko 10. Rubuta babbar lamba ba ya cin kuɗi. Abin da ke ci yana ciki.

Duk fuskar gilashin da ba a shafa wa komai ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske, kuma a cikin madubi ɗaya akwai irin waɗannan fuskoki fiye da goma. Don haka ake yi musu wani siririn shafi da ke barin haske ya wuce, dabarar da aka samar a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935. Shafa kowace fuska sau da yawa aiki ne mai tsada. Haka nan gilashi mai tsabta, da goge shi daidai, da saita ɓangarorin biyu su kalli wuri ɗaya. Rashin wannan saitin ne ya jawo mini ciwon kai. Masu kyau kuma ana toshe su, a cika su da iskar naitirojin don kada raɓa ko ƙura ta shiga. Wasu na Zeiss da Swarovski sun haura dala 2,000, amma malam ya ce matsakaici ya wadatar da ɗalibi.

Ƙannena, in za ku saya, ku riƙe shi nesa da fuska ku fuskanci haske: ɗigon hasken da ke gilashin ido ya zama zagayayye cif. Sannan ku kalli wayar lantarki daga nesa. In ta rabu biyu, ku ajiye.

Rahotona da madubin aro na kammala shi. Nawa kuwa yana hannun autanmu, yana leƙen tattabarun maƙwabta da shi.