Kukan Birki

Direbobinmu sun fi damuwa da abin da ke sa mota gudu a kan abin da ke tsayar da ita. A fada za ka ji ana yabon injin Land Cruiser, yadda take keta rairayi tsakanin Tanut da Agadas, amma ban taɓa jin wanda ya yi alfahari da birkinsa ba.

Tawa tsohuwar kat-kat ce, ƙirar 1994, da ita nake shiga ƙauyukan Damagaram ɗauko muryoyin manoma. Aikin rediyo ya koya mini kada in raina ƙaramar ƙara. Don haka da ta fara wani siririn kuka duk lokacin da na taka birki, ban yarda da masu cewa ƙura ce ba. Na kai ta gareji.

Da bakanike ya cire tayar gaba, sai ya zare ƙusoshi biyu, ya fito da plaket ɗin. Sabo kaurinsa ya kai milimita 10; nawa bai fi 2 ba. Kukan kuwa wani ɗan ƙarfe ne da aka sa da gangan, ya riƙa gogar faifan birki in fatar ta kusa ƙarewa. Ya ce na gaba sun fi saurin cinyewa, domin in an taka birki nauyin mota gaba yake komawa, ga rairayi kuma yana ci kamar magagari.

Ya ajiye mini kwali biyu, mai araha da mai tsada. Ƙarshen wata ne, albashi bai shigo ba.

"Malam, ɓangare ɗaya ba zai isa ba?"

"A'a, ɗan'uwa. In ka canja dama ka bar hagu, ranar da ka taka da ƙarfi gefe za ta ja ka."

Na ɗauki mai tsadar, rabi bashi. Bayan ya ɗaura, ya hana ni motsawa sai da na tattaka birkin har ya yi tauri, domin takun farko bayan wannan aiki fanko ne.

A motar nan nake kai mahaifiyata asibiti, kuma a hanyar Mirriya ba a rasa yaro ya biyo akuya da gudu. Bashin kuwa na biya shi cikin wata biyu.