Indiya, Ƙasar da Yatsa ke Karɓo Abinci

Bahaushe ya san Indiya ta hanya biyu, fim da asibiti. Ni asibiti ne ya kai ni, domin na raka yayana neman magani daga Zakka har birnin Delhi. Masu dawowa sukan ba da labarin cinkoson jama'a, da jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari, da shanun da ke kwance a kan kwalta ba mai kora. Duk na gani. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙasa mai mutum fiye da biliyan 1.4 ta tattara shaidar jikin 'ya'yanta ta adana a rumbu guda.

Sunan tsarin Aadhaar. Gwamnati ta kafa hukumarsa a 2009, ta ɗora Nandan Nilekani, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Infosys, a kan shugabancinta. A watan Satumba na 2010 aka ba da lamba ta farko a wani ƙauye mai suna Tembhli, a jihar Maharashtra. Ana ɗaukar zanen yatsun mutum goma, da ƙwayar idanunsa biyu, da hoton fuskarsa, sai a ba shi lamba mai alƙaluma 12. Yau waɗanda aka yi wa rajista sun haura biliyan 1.3. Kafin a ba sabon mutum lamba, sai na'ura ta gwada yatsunsa da idanunsa da na duk waɗanda suka riga shi, don kada ɗaya ya zama biyu. Da na ji haka sai na tuna yadda malamanmu ke jan hankali ga aya ta 4 a Suratul Ƙiyama, wadda ta ambaci kan yatsu cikin alamun ikon Allah. Ko tagwaye masu kama ɗaya ba sa tarayya a zanen yatsa.

A filin jirgin saman Delhi na ga matafiyan cikin gida suna tunkarar wata ƙofar gilashi hannu rabbana. Mutum ya ɗaga kai ya dubi kamara, ƙofa ta buɗe, ya wuce. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya ce mini:

"Kawu, wannan ita ce DigiYatra, tun ƙarshen 2022 aka fara ta. Fuskarka ce tikitinka. Amma bari sai mun je ƙauye, can ne za ka sha mamaki."

Da jikin yaya ya yi sauƙi, wani abokin karatun yaron ya gayyace mu garinsu a jihar Uttar Pradesh. Gari ne na manoma, ga alkama, ga rake, ga kashin shanu an mammanna a bango ana shanyawa don makamashi. A bakin hanya wani saurayi na zaune da waya da wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, kamar masu POS na wajenmu. Wata tsohuwa ta zo, ba kati a hannunta, ba lambar sirri a kanta. Ta miƙa lambarta ta Aadhaar, ta dangwala babban yatsa, ya ƙirgo kuɗi daga asusunta ya ba ta. Matar da ba ta san baƙi ba ta karɓi haƙƙinta da kanta, ba ta roƙi kowa ya sa mata hannu ba. Na daɗe ina kallonta har ta sha kwana.

Daga nan muka je shagon rabon hatsi. Wata doka ta 2013 ta tanadi kilo 5 na shinkafa ko alkama duk wata ga kowane mutum a gidajen masu ƙaramin ƙarfi, kuma masu cin moriyar sun kai kimanin miliyan 800. A da, in ji mai masaukinmu, sunayen bogi da na matattu sun cika takardun rabo, hatsi kuma yana zurarewa kasuwa. Yanzu sai ka dangwala yatsa, na'ura ta tambayi rumbun bayanai ta intanet, ta amsa cewa kai ne, sannan a auna maka.

Ana cikin haka layi ya zo kan wani dattijo. Ya sa babban yatsa, na'ura ta ƙi. Ya goge a rigarsa ya sake, ta ƙi. Ya shafo gumin goshinsa, ya gwada manuniya, ya gwada na hagu. Na matsa na dubi hannun. Wallahi hannun mahaifina na gani: kaushi, kanta, tsagewa, zanen duk ya shafe saboda shekarun riƙon ƙota. Aka ce ya koma gefe a aika a kira jikansa, wanda sunansa ke kan katin gidan.

"Kawu, ka ga abin da nake faɗa maka," in ji yaron a hankali. "Ta fi gane hannun da bai sha wahala ba."

Maganar nan gaskiya ce, kuma dalilinta a fili yake. Na'urar tana karanta 'yan tudu da kwarin da ke fatar yatsa ne. Noma, gini, wanki, sassaƙa da tsufa duk suna cinye su. Kuturta na iya raba mutum da yatsun gaba ɗaya, yanar ido kuma na iya wahalar da ɗaukar ƙwayar ido. In an tsira daga waɗannan, ga ɗaukewar wuta da yankewar sabis. Masanin tattalin arziki Jean Drèze da abokan aikinsa sun bi ƙauyukan jihar Jharkhand, suka nuna cewa tsofaffi da zawarawa masu zaman kansu ne tsarin ya fi bari a baya. A jihar ce, a watan Satumba na 2017, wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu a gundumar Simdega bayan an soke katin hatsin gidansu don ba a haɗa shi da Aadhaar ba. Mahaifiyarta ta ce yunwa ce, hukumomi suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, amma soke katin ba wanda ya musa shi.

Matsala ta biyu sata ce. A watan Janairu na 2018 jaridar The Tribune ta ba da rahoton cewa wakiliyarta ta biya rufi 500 ta samu damar duba suna da adireshi da hoton masu rajista. Hukumar ta ce zanen yatsu da na ido ba a taɓa su ba. Daga baya 'yan sanda a jihohi da dama suka kama 'yan damfara da ke kwafo dangwalen mutane daga takardun filaye, su zuba shi a roba, su kwashe musu kuɗi. In makullin ɗaki ya ɓace sai a sauya kwado, amma wanda aka sace wa zanen yatsa da shi zai shiga kabari. Saboda irin wannan fargaba Kotun Ƙolin Indiya ta yanke a 2017 cewa sirrin mutum haƙƙi ne na tsarin mulki. A 2018 ta amince da Aadhaar, amma ta hana tilasta shi wajen buɗe asusun banki, sayen layin waya da shiga makaranta.

Indiyawa sun daɗe a wannan harka. A 1858 wani jami'in mulkin mallaka, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila a Bengal ya buga tafin hannunsa a takardar yarjejeniya. A 1897 aka buɗe ofishin zanen yatsu a Kalkata, inda Azizul Haque da Hem Chandra Bose suka yi aikin tsara hanyar rarraba su. Idan masu wannan dogon tarihi suna tuntuɓe, to gemun ɗan'uwanmu ya kama da wuta, sai mu shafa wa namu ruwa.

Mu ma mun hau hanyar. Lambar banki ta BVN ta zo a 2014. A zaɓen 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta kasa tantance shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke, sai da aka koma takarda. A Disamban 2020 aka umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, sannan na'urar BVAS ta yi aiki a zaɓen 2023, tana duba yatsa ko fuska. Amfanin ba ɓoyayye ba ne: aringizon ƙuri'a da ma'aikatan bogi sun gamu da cikas. Sai dai fuskar ma ba ta kuɓuta ba. A 2019 hukumar NIST ta Amurka ta gwada manhajoji 189 na gane fuska, ta gano cewa da yawansu sun fi ɗaukar wani a matsayin wani idan fuskar ta mutanen Afirka ta Yamma ce, ko ta Gabas, ko Gabashin Asiya. A wajenmu ga ƙarin lalle a yatsun mata, ga hannuwan da hauya da taɓarya suka cinye.

Batun tsaro shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, mu da ke bakin dajin Rugu. An ce mana haɗa layi da NIN zai tona asirin masu kira suna neman kuɗin fansa. Amma kowa a Safana da Batsari ya san da wayar wanda aka sace ake kiran danginsa, don haka sunan da rumbu zai nuna na wanda aka zalunta ne. A Satumban 2021 har katse layukan waya aka yi a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da namu biyu, wato a lokacin duk abin da ke jiran amsa ta intanet ya tsaya cik. Wanda aka ƙone wa gida ya gudo da rigar jikinsa, yatsansa na iya zama shaidar da ta rage masa, kuma wannan alheri ne babba. In yatsan ya ƙi karantuwa fa?

Na dawo ina son wannan fasaha, ina kuma tsoron a miƙa mata hukunci ita kaɗai. Shaida ce mai ƙarfi, amma alƙali ba ya korar mai haƙƙi don shaida ɗaya ya kasa magana. Duk inda za a raba taki, tallafi ko kayan agaji da yatsa, a tanadi hanya ta biyu a rubuce cikin doka: ido, fuska, ko shaidar mai unguwa da liman. A kawo rajista garuruwa irin Zakka, maimakon tsoho ya bi hanyar da ake tare mutane don neman lamba. Dokarmu ta kare bayanai ta 2023 ta hau kan duk wanda ya sayar da bayanan jama'a. Masu mulki kuma su sani cewa rumbun yatsu ba ya tsare gona. Jami'an da ke zuwa idan an kira su ne ke tsare ta. Manomin da aikin ciyar da ƙasa ya goge wa yatsu shi ya fi kowa cancantar ƙasar ta gane shi.