Zuwa Ga Auta, Sabuwar Shugabar Makaranta

Auta,

Ciwon ƙafata ya lafa tun da sanyi ya ja baya, har ina zuwa islamiyya ba tare da an kai ni ba. Kuka da daddawar da kika aiko sun iso, Allah ya bar zumunci.

Na yi miki murna a waya, to ga ta kuma a rubuce don ki adana. 'Yar Alli ta zama shugabar makaranta! Da Baba na raye, da an yanka zakara, da kuma maƙwabta sun sake shan labarin rubutunki da gawayi a ƙofar ɗakin Inna. Allah ya jiƙansa, ke kuma ya taya ki riƙo.

Sai dai akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar sunan nan. Ina ji kina faɗa wa mata a tsakar gida cewa malaman da aka ba ki ba sa gyaruwa, sai dai a kawo wasu. Na yi shiru ne saboda idon jama'a. Daga baya kuma labarin yarinyar nan malamar aji biyu ya zo mini, wadda kika yi wa faɗa a gaban ɗalibanta don ta rubuta kalma ba daidai ba a allo. Auta, raina ya ɓaci. Ba tarbiyyar gidanmu ba ce, kuma ke ma ba haka aka yi miki ba ranar da kika fara riƙe alli.

Yaran da suka ga an tsinka malamarsu, gobe da wane ido za su dube ta? Kin gyara kalma ɗaya, kin bar ta da aikin shekara guda kafin ta sake samun kwarjini a ajin nan. Ki kira ta ofis, daga ke sai ita, ki ba ta haƙuri. Girmanki ba zai ragu ba.

Batun a kawo wasu kuwa, ai a gabanki aka gwada. A 2017 gwamnatin jiharmu ta Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar da aka ce ta 'yan aji huɗu ce. Mutum 21,780 suka kasa kai maki 75 cikin ɗari, aka sallame su, aka ce za a ɗauki sababbi 25,000. Kin tuna yajin aikin ƙungiyar malamai ta NUT na farkon 2018, da yadda gidaje suka yi tsit a unguwarmu. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357. Ba zan ce jarrabawar ba ta tono gaskiya ba. Na zauna da malamin da ba ya iya karanta littafin da yake riƙe da shi, kuma haƙƙin yaran da suka ratsa ta hannunsa abin tsoro ne. Amma jarrabawa iyakarta ta nuna wanda bai iya ba. Koya masa aikin wani ne daban, kuma a makarantarki wannan wanin ke ce.

Su sababbin, daga ina za su fito? Daga kwalejojin da na jiya suka fito. Ki duba takardun malamanki ki gani. Da yawansu sun tafi kwalejin ilimi neman NCE ne don jami'a ba ta samu ba, suka karanta tattalin arziki ko tarihi, aka miƙa musu aji ɗaya. Ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake sa ɗan shekara shida ya haɗa baƙi da wasali su zama gaɓa. Suna koyarwa ne yadda aka koyar da su: malami ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, a buga ƙararrawa.

Mu masu takardar malanta ta Giredi Tu kin sha yi mana tsiya, kina cewa takardarmu ta tsufa. Ta tsufa kam, tun da aka mai da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Zamaninmu ma ba aljanna ba ne. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, UPE, a 1976 ajujuwa suka cika kafin malamai su isa, har aka kafa cibiyar horar da malamai ta NTI a Kaduna a shekarar don cike giɓin, aka kuma yi ta yaye malamai cikin gaggawa. Amma abu ɗaya muka samu a kwalejin horar da malamai mata, WTC, wanda nake yi wa malamanki kwaɗayinsa. In ka fita koyarwar gwaji, malamarka na zaune a bayan aji da littafinta, tun daga sallama har tashi. In an fita ku zauna a gindin bishiya, ta ce, "Da kika yi tambayar nan, su wa suka ɗaga hannu? Na bayan fa, kin dube su?" A wannan zaman na iya koyarwa.

Na san za ki ce ai ana tura su bita. Ana turawa, kuma ban raina ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin bai-ɗaya, kuma cikinsu akwai kason horar da malamai da hukumar UBEC ta tarayya ke turo wa hukumomin SUBEB na jihohi. Sai dai kin san yadda abin ke gangarowa. A horar da manyan masu horarwa a birni, su horar da na jiha, na jiha su horar da na ƙaramar hukuma, kwana goma ya koma biyar, biyar ya koma biyu. Kamar nonon da kowane hannu sai ya ƙara masa ruwa kafin ya miƙa gaba. Malami ya dawo da jaka da takardar shaida da ɗan alawus, Litinin ta zo ya ci gaba da abin da ya saba, don ba wanda zai leƙo ya ga ko ya gwada.

Abin da na ga ya yi aiki da idona shi ne na zamanin ESSPIN, shirin nan da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 a Kaduna da Kano da Jigawa da Kwara da Legas, daga baya kuma Inugu. Lokacin kina ajinki, ni ce a ofis. Abin da suka nace mana a kai ba wani abin mamaki ba ne: shugaban makaranta ya riƙa shiga aji yana kallon darasi, ya riƙa tara malamansa suna koya wa juna, makaranta ta zauna da mutanen gari ta rubuta abin da za ta gyara a shekara. Shirin ya ƙare, motocinsu sun daina zuwa, amma waɗannan ukun ko sisi ba sa ci.

To ga yadda nake so ki yi, ki gafarce ni in na koma malamarki. Ki faɗa wa malama tun jiya cewa gobe za ki shigo, kada ki faɗo mata kamar mai kamen ɓarawo. Ki zauna a bencin ƙarshe tare da yara. Kada ki ce uffan, ko da kin ga kuskure. Jan biro ki bar shi a jaka. Idonki ya fi zama kan yara: wa ke rubutu, wa ke riƙe da fensir kawai, wa ke motsa baki ba ya cewa komai. In an tashi, ki fara tambayarta yadda ita ta ga darasin. Ki yaba mata abu ɗaya na gaskiya, ki ba ta gyara ɗaya tak, ki ce mako mai zuwa za ki dawo ku gani. In kin jero mata goma, ko ɗaya ba za ta riƙe ba. Ki kuma nuna mata tun farko cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wani gwaji da nake so ki yi da kanki. Ki yanka kwali, ki rubuta gaɓoɓi biyar da kalmomi biyar na Hausa, irin su gida, tulu, rago. Ki kira 'yan aji uku ɗaya bayan ɗaya zuwa baranda. Za ki ga yarinyar da ta fi kowa ɗaga murya a "ba, be, bi, bo, bu" ta kafe kwalin da ido, sannan ta ɗago tana duban bakinki, tana jira ki fara ta ɗauka. Waƙar ta haddace, harafin ba ta san shi ba. Kada ki nuna mata damuwa, ki ce ta yi ƙoƙari, ki rubuta sunanta. In kin gama ki ƙirga, ki kai wa malamanki lissafin ba tare da kin ɗora wa kowa laifi ba. Na ga malaman da suka yi hawaye a kan irin wannan takarda, kuma su ne suka fi kowa canzawa daga baya.

Ki nemi littattafan Mu Karanta! da aka yi aiki da su a Bauchi da Sakkwato, ko na RANA na Katsina da Zamfara. Da Hausa suke, kuma an tsara wa malami darasin daki-daki, daga sautin harafi zuwa gaɓa zuwa ɗan labari. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, Turanci ba ya ba shi wuya sosai. Iyaye za su zo su ce su Turanci suka kawo 'ya'yansu su koya. Ki zaunar da su, ki kira ɗan ɗayansu ya karanta musu layi biyu.

Ranar Alhamis bayan an tashi, ki riƙe malamanki ko na rabin awa ne. Ban ce taron sanarwa ba, wanda ke za ki yi ta magana su yi ta duban agogo. Mutum ɗaya ya tashi ya koyar da darasin da zai yi mako mai zuwa, sauran su zama yara. Dattijon nan naku mai lissafi da marafan lemo da ƙullin kara goma-goma, shi za ki fara sa wa. Shekara nawa yana wannan abin a ajinsa, na kusa da shi bai taɓa shiga ya gani ba? Ke ma ki karɓi naki layin, ki bari su gyara miki. In sun ga shugaba ta karɓi gyara, an gama.

Kada kuma ki saki aji gaba ɗaya. Ki riƙe ko darasi ɗaya ne a jadawali. Shugabar da ta daina shan ƙurar alli, cikin shekara biyu take mance nauyin abin da take nema a wurin mutane.

Yanzu ga wadda za ta yi miki zafi. An ce da takardar bita ta zo daga ofishin sakataren ilimi, sunan ƙawarki kika fara sawa, alhali aji shida take koyarwa, bitar kuwa ta karatun ƙananan aji ce. In ƙarya aka yi miki, ki yafe mini. In gaskiya ne, kada ki sake. Malamai suna ganin komai, kuma daga ranar da suka gane bita ladan kusanci ce, duk abin da za ki faɗa a kan gyara iska zai bi. Wanda darasin ya shafa shi zai je, in ya dawo kuma ya tsaya gaban 'yan'uwansa ranar Alhamis ya juye musu abin da ya samo.

Ban mance da halin da suke ciki ba, kada ki ce Yaya ta yi ritaya ta mance. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ke kuma kin faɗa mini adadin da ke aji ɗaya naku har na riƙe baki. Ga kuɗin mota, ga ƙarin girma da ake jira shekara da shekaru, ga mai goyo da ba ta da inda za ta kwantar da jariri. Albashi ba a hannunki yake ba. Amma takardar ƙarin girman malaminki kina iya bin ta da ƙafarki har ofis. Mai son ƙaro karatu a NTI ranakun Asabar kina iya sassauta masa jadawali. Wanda bai yi rajista da hukumar malamai ta TRCN ba kina iya zaunar da shi ku cike tare. Mutum in ya san kin damu da tukunyar gidansa, zai saurare ki a kan allonsa.

Kwamitin makaranta na mutanen gari, SBMC, kuma kada ki mai da shi na sa hannu kawai. Ki je gaida mai unguwa da liman tun kafin ki buƙace su. Matan kwamitin su ne za su faɗa miki dalilin da 'yan mata ke ɓacewa ranar kasuwa, su ne kuma za su iya shiga gidajen da ke ba za ki shiga ba. Ki nuna musu lissafin kwalin nan su ma. Rufin aji da ban-ɗakin 'yan mata sun fi saurin samuwa in mutanen gari sun ji makarantar tasu ce.

Maganar bikin ɗan Yaya Babba an tsayar bayan Sallah. An fitar da anko, na karɓar miki, kada ki ce launin bai yi miki ba. Ki zo da kwana biyu a hannu, don tuwon ranar ba zan iya shi ni kaɗai ba.

In za ki zo, ki taho mini da takardar gwajin 'yan aji uku, mu duba tare. Kafin nan ki je wurin yarinyar nan ta aji biyu. Ki ba ta haƙuri tukuna, sannan ki nemi izininta ki zauna a bayan ajinta. Don Allah, Auta, kada wannan makon ya fita ba ki yi ba.

Ki gaida maigidan da kyau, ki shafa mini kan yara. Wassalam.

Yayarki