Wa zai nuna wa sabon shiga hanya?

Yau ina so mu yi magana a kan wani aiki da ba a cika tafa wa mai yinsa ba, wato gyara littafin jagora na manhajar rubuta waƙa.

Yawancin ƙungiyoyin mawaƙanmu a ka suke riƙe waƙa, ko kuwa da sol-fa cikin tsohon littafin rubutu na shugaban kwaya. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya tafi makaranta, muryar alto da ta teno sai su bi shi. Haka waƙoƙin da iyayenmu mata suka tsara a zumunta suke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa kayan adana su na nan kyauta. MuseScore, wadda wani Bajamushe mai suna Werner Schweer ya soma a 2002, tana rubuta muryoyi huɗu, ta kaɗa maka su ka ji, ta kuma fitar da takardar bugawa. Akwai LilyPond, wadda mutum biyu 'yan ƙasar Holan suka soma a 1996. Ita kuwa haruffa kake bugawa, ta juya su zuwa waƙa a kan layuka biyar.

To, me ya hana mu? A kwalejin tauhidi na lura da ɗalibai masu sha'awar waƙa waɗanda suke sauke manhajar da murna, kafin mako ya zagayo sun ajiye ta. Basira suna da ita. Bayanin da suka tarar ne ya ɗauka sun riga sun san abin da suka zo koya. Mu da do, re, mi muka tashi, tsarin da Sarah Glover da John Curwen suka yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, su kuwa waɗannan manhajoji a kan layuka biyar aka gina su. Alamar da Baturen Ingila yake kira crotchet, na Amurka quarter note yake ce mata. Wanda Turanci yake harshensa na biyu ko na uku, a nan zai tsaya yana zaton abubuwa biyu ne.

Abin da yake bukata kuwa bai taka kara ya karya ba. A MuseScore, danna N ka soma shigar da sauti. Lamba 5 bugu ɗaya ce a yawancin waƙoƙinmu, 6 bugu biyu, 4 rabin bugu. Ctrl da L za su buɗe maka wurin rubuta kalmomi, ƙaramar sara kuma ita ce take raba gaɓa da gaɓa. Bayanin da bai cika rabin shafi ba, amma rashinsa ya isa ya kashe wa mutum gwiwa.

Masu LilyPond sun gane wannan. A 2007 wani ɗan Kanada, Graham Percival, ya jagoranci 'yan sa kai suka zauna gyaran littattafan jagorarsu. Yau akwai littafi dabam na mai koyo da zai bi daga farko, akwai na bincike don wanda ya ƙware, akwai kuma ƙamus na kalmomin waƙa. An fassara su zuwa Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci da wasu harsuna. Babu na Hausa. Ba wanda zai zauna a Turai ya tuna cewa muna bukatar bayanin yadda ɓ, ɗ da ƙ za su fito daidai a ƙarƙashin waƙa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka a ganina sabon shiga ya fi gwani amfani a wannan aiki, gama gwani ya manta inda ya yi tuntuɓe. Kai da ka soma jiya, riƙe takarda kusa, duk inda ka maƙale ka rubuta, ka kuma rubuta yadda ka fita. Mataki ɗaya a layi ɗaya, da hoton allon kwamfutar. Faɗi wane bugu na manhajar kake nufi, domin MuseScore 4 da ta fito a Disamba 2022 ta sauya wurin abubuwa da dama. In ka gama, ba wata 'yar'uwa da ba ta taɓa buɗe manhajar ba ta bi rubutunka, kai kuma ka yi shiru kana kallo. Duk inda ta ɗaga kai ta tambaye ka, nan ne gyara. In kuma ka ga wurin da ya yi duhu a littafin Turancin, sanar da masu kula da shi, domin suna karɓar gyara daga masu amfani da manhajar.

Na san matashi ya fi son riƙe makirufo ranar Lahadi. Mai rubuta jagora ba a kiran sunansa lokacin sanarwa, amma ta dalilinsa yaron da ke wata ikkilisiya a ƙauye zai iya ajiye waƙar kakarsa da muryoyinta huɗu cif. Bari kowace zumunta ta fitar da mutum biyu, ɗaya mai rubutu, ɗaya mai gwaji, su kawo mana shafi guda da Hausa kafin ƙarshen wata. Ubangiji ya ƙarfafa hannuwanku.