An buɗe lakwal, ina yaran?

 

Ni manomiya ce, ina kuma yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Garinmu yana tsakanin Magarya da Dungas, kusa da iyakar Najeriya. Ina son in yi muku magana a kan shekarar korona, wato 2020. Kowa yana tune da wahalar da ya sha. Amma akwai asarar da ba a cika faɗi ba: yaran da suka bar lakwal a lokacin, ba su sake komawa ba. A kansu zan yi magana.

Bari mu tuna yadda abin ya faro. Cutar ta ɓullo a ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ran 17 ga Maris 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya yi wa jama'a jawabi. Ya ce za a rufe iyakoki, da filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da makarantu. Aka hana taron da ya wuce mutum 50. Ran 19 ga Maris aka samu mutum na farko mai cutar a Yamai. Washegari aka rufe lakwal. Aka ce mako 2 ne. Mako 2 ya zama mako 10.

Mu mutanen karkara ba a kulle mu cikin ɗaka ba. Dokar hana fita da dare a Yamai aka yi ta. Amma mun ji a jikinmu. An hana sallar jam'i da ta Juma'a, ba a buɗe masallatai ba sai 13 ga Mayu, cikin azumi. Suna da biki sai a taƙaice. Na ajiye buta da sabulu a bakin zaure. In sabulu ya ƙare, mu wanke hannu da toka.

Kun san zamanmu a haɗe yake da Najeriya. Naira tana yawo a kasuwanninmu kamar sefa. Dabbobinmu Maigatari ake kai su ranar Alhamis. To, tun watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. Korona ta zo ta ƙara ƙulli a kan ƙulli.

Maigidana yana Kano ci-rani, yana ga-ruwa. A tsakiyar Afrilu aka kulle Kano. Ba aiki, ba mota, ba aike. Wata 2 ko dala bai aiko ba. Ɗana da ke karatun allo can ya dawo tare da sauran almajirai. Ɗiyata ta fari ita ma ta dawo daga Magarya. Kun san ba a faɗin sunan ɗan fari. Tana ajin ƙarshe na kwaleji, saura jarrabawa kawai. Baki ya ƙaru, ga bazara, ga rumbu ya yi ƙasa. Mai ya daina tafiya, don masu saye ba su da kuɗi.

A nan ne magana ta taso. Wani mai hali ya aiko neman auren yarinyar. Uwar mijina ta kira ni ɗakinta. Ta ce: "Ɗiyata, lakwal ta mutu. Wa ya san ranar da za a buɗe ta? Ga yarinya ta girma tana zaune, ga gida babu. Ai gara a yi mata ɗaki." Ba mugunta ce ta sa ta faɗi haka ba. Yunwar jikokinta take gani. Na ce: "Inna, gaskiyarki ne. Amma shekara 10 muna wahala a kan karatun nan. Manomi ba ya yanke gero yana ɗanye don ya ji yunwa. A yi mana haƙuri har ta yi jarrabawa." Na ari waya na kira maigida. Ya ce kada a amsa wa kowa sai ya dawo. Na sayar da akuya 2, na karɓi adashena kafin lokaci. Muka rage tuwo, muka ƙara zogale da tafasa.

Hana aure kawai bai isa ba. Yaron da ya yi wata 2 bai buɗe littafi ba, karatu yana fita daga kansa, son karatun ma yana fita. Don haka muka mai da gidanmu makaranta. Da asuba ɗana ya biya wa ƙannensa allo. Da hantsi kowa ya kama aiki: surfe, ɗebo ruwa, suyar gyaɗa, sharar gona. Bayan azahar, in rana ta yi sanyi, sai a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya. Babbar ta karanta littattafanta. In ta gama, ta koya wa ƙananan baƙaƙe, suna rubutawa a ƙasa da tsinke. Lissafi kuwa da kwalaben mai ake yin sa: kwalba nawa aka yi, nawa aka sayar, nawa ya rage.

Ni ban iya Faransanci ba. Amma na iya lambobi. Kullum ina duba lambar shafin da ta fara da wanda ta tsaya. In jiya ta tsaya a 40, yau ba zan yarda in ga 40 ba. Ke da kike cewa ba ki san abin da ke cikin littafin ɗanki ba, wannan kaɗai ya ishe ki. In yaro ya san ana dubawa, zai yi.

Ran 1 ga Yuni aka buɗe lakwal. Amma ku duba lokacin: farkon damina ne. Kowane gida yana neman hannun shuka da noman fari. Iyaye da yawa suka ce yaro ya bari sai baɗi. Baɗin nan har yau bai zo ba. Mu ma muna son hannu, don maigida bai dawo ba sai bayan an yi shuka. Muka yi gayya da maƙwabta, na sa yarinyar a mota ta koma Magarya. Ƴan mata 5 ne daga garinmu suke kwaleji kafin korona. 2 kaɗai suka koma. Sauran 3 an yi musu aure. Tawa ta yi jarrabawar BEPC a watan Agusta, Allah ya ba ta sa'a. Yau in an kai jarirai awo, ita matan gari ke kawo wa katin rigakafi ta duba musu ranar komawa. Har Inna tana aiko mata takardar magani.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa. Amma rufe lakwal bai ƙare da korona ba. A 2024 ambaliyar ruwa ta sa aka ɗaga komawa makaranta har ƙarshen Oktoba. Gobe wani dalili ne zai zo.

Saboda haka, ƴan'uwana, in an rufe lakwal, kada ku ce ta mutu. Ku ɓoye littattafan yara inda gara da ruwa ba za su taɓa su ba. Ku ware musu lokaci kowace rana, ko da kaɗan ne. Babba ya koya wa ƙarami. Kada ku yanke shawarar aure a cikin yunwa, ku jira ta wuce. Ranar da aka buɗe kuwa, ko ana shuka, ku kama hannun yaro ku kai shi. Gwamnati ce ke buɗe ƙofar aji, amma iyaye ne ke mai da yaro ciki.

Allah ya raba mu da annoba, ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuri'a. Amin.