Amana A Hannu Ɗaya

Sa'ad da nake yaro a Kambarawa, cikin birnin Katsina, mahaifina yana da wani amini mai rubuta wasiƙa. Mutum ne mai rufin asiri, abin da ya shiga kunnensa ba ya fita ta bakinsa. Saboda haka Baba ya danƙa masa kome: takardar gida, littafin banki, har da lissafin bashi. Wata damina ruwa ya rushe ɗakin bawan Allahn nan, takardu duka suka lalace. Bai ci amana ba, amma sai da muka shekara biyu muna fama kafin a yarda gidanmu namu ne.

Kwanan baya ɗana ya ce mini ya sami wani kamfani a intanet wanda ba ya leƙen asirin mutane. Wasiƙunsa, da hotunan iyali, da kalmomin sirri, duka can zai mai da su.

Na ce, "Ɗana, a 2013 wani kamfanin wasiƙa a Amurka, Lavabit, ya gwammace ya rufe da gwamnati ta riƙa leƙa wasiƙun jama'arsa. Ya riƙe amana, amma dubban mutane suka wayi gari ba su iya buɗe wasiƙunsu."

Ya yi shiru. Daga baya muka shirya: ya zauna da kamfaninsa, amma ya ajiye kwafi a gida, kalmomin sirri kuma a wani wuri dabam.

Ya mai karatu, ko mai gaskiya ɗakinsa yana iya faɗuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.